Dimokuraɗiyya a bakin masu sukarta na farko: me masanan Girka suka gani a Atina?

Duk lokacin da zaɓe ya ba mutane haushi, ko sojoji suka kifar da gwamnati kamar yadda aka gani a Mali da Burkina Faso da Nijar tsakanin 2020 da 2023, akwai maganar da ba ta rasa fitowa a muhawara: wai ai su kansu Girkawan da suka ƙago dimokuraɗiyya ba su yarda da ita ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sokratis ya yi mata ba'a, almajirinsa Aflatun, wanda 'yan boko suka fi sani da Plato, ya sa ta kusa da ƙarshe a jerin tsare-tsaren mulki, Aristotal kuma ya ƙidaya ta cikin karkatattu. Sai dai abin da suke suka ya sha bamban da abin da ake kira dimokuraɗiyya a yau, kuma su ukun ba bakinsu ɗaya ba. Shekarun Girka da za a ambata a nan duk kafin Miladiyya ne, don haka lissafinsu raguwa yake yi: 508 ta riga 399.

Wace dimokuraɗiyya ake nufi?

Tsarin ya kafu a birnin Atina a wajajen 508, lokacin da Kilistenis ya sake raba mutanen ƙasar gida goma don karya ƙarfin manyan gidaje. Ba wakilai ake turawa ba. Duk ɗan ƙasa namiji baligi yana da damar hawa tudun Finikis, inda babban taron gari ke zama, ya yi magana, ya ɗaga hannu. A nan ake yanke shawarar yaƙi da sulhu da kuɗin baitulmali. A ƙarni na 4 taron yana zama kusan sau 40 a shekara, kuma akwai batutuwan da ba a yanke su sai mutum 6,000 sun hallara.

Abin da zai fi ba mai karatu na yau mamaki shi ne yadda ake rabon muƙamai. Galibinsu ba zaɓe ake yi ba, ƙuri'ar dace ake jefawa: a zuba sunayen masu so, wanda nasa ya fito shi ke nan. Haka ake cika majalisar mutum 500 mai shirya wa taron gari ajanda, haka ake ɗebo masu yanke hukunci a kotu, waɗanda kan kai 201 ko 501 ko fiye a shari'a guda, babu ƙwararren alƙali a kansu. 'Yan muƙaman da ake zaɓa da hannu su ne masu buƙatar gwaninta, musamman kwamandojin yaƙi goma. A zamanin Ferikilis, shahararren jagoran Atina, aka fara biyan masu zaman kotu ɗan alawus, domin talaka ya iya barin gonarsa ko shagonsa na yini ɗaya.

Kuma "jama'a" a nan ba kowa ba ne. Mata ba sa ciki, bayi ba sa ciki, baƙi mazauna birnin ba sa ciki ko da a nan aka haife su. Daga 451 ma sai uwa da uba duka 'yan Atina ne mutum ke zama ɗan ƙasa. Masu iko 'yan dubbai goma-goma ne a cikin al'ummar da ta ninka su sau da yawa. Abin lura shi ne, wannan aibin da ya fi tsaya wa mutanen yau a rai bai cikin abin da masanan suka kawo ƙara a kai. Aristotal ma ya kare bauta a rubuce. Kukansu shi ne an shigo da mutane da yawa, ba an bar wasu a waje ba.

Shekarun da suka ɓata mata suna

Sukar ba daga sama ta faɗo ba. Ta fito ne daga yaƙin shekara 27 da Atina ta gwabza da birnin Sifata, daga 431 zuwa 404, wanda Atina ta sha kashi. Abubuwa uku daga wannan yaƙi su ne masu suka ke yawan komawa gare su.

A 428 birnin Mitilini ya yi wa Atina tawaye, a 427 aka murƙushe shi. Taron gari, cikin fushi da zugar wani mai kaifin baki, Kiliyon, ya yanke a kashe duk mazajen garin, a bautar da mata da yara. Jirgi ya tashi da umarnin. Washegari hankali ya dawo, aka sake zama, wani mai suna Diyodotus ya yi jayayya da Kiliyon, aka soke hukuncin da ƙyar. Jirgi na biyu ya bi na farko, matuƙansa na cin abinci suna tuƙi, ya isa ana shirin zartarwa. Duk da haka, in ji marubucin tarihi Tusididis, an kashe sama da mutum 1,000 da aka ce su ne jagororin tawayen. Masu suka na ganin shaida ce cewa taro na yanke hukunci da zafin zuciya. Masu kariya na cewa sarki guda da ya yi irin wannan fushi, wa zai tunkare shi washegari?

A 415 taron ya amince a kai babban hari tsibirin Sisili, kwamanda Alkibiyadis na zugawa, takwaransa Nikiyas na gargaɗi. Bayan shekara biyu rundunar ta hallaka kusan baki ɗaya. Tusididis ya rubuta cewa da labari ya iso, mutane sun huce haushinsu a kan masu jawabin da suka ba da shawarar, kamar ba su ne suka ɗaga hannu ba.

Na uku shi ne na 406. Atina ta ci yaƙin ruwa a Arginusai, amma guguwa ta hana a ceto ma'aikatan jiragen da suka nutse. Aka gurfanar da kwamandoji takwas a dunƙule, da ƙuri'a guda, alhali doka ta ce kowa a yi masa shari'arsa daban. Da wasu suka ɗaga batun doka, marubuci Zenofon ya ce taron ya ɗauki ihu cewa abin kunya ne a hana jama'a yin abin da suke so. Aka kashe shida da suke gari, har da ɗan Ferikilis. Ba a daɗe ba aka yi nadama. A cikin 'yan majalisar da ke jagorantar zaman, mutum ɗaya ne ya tsaya kan ƙin amincewa har ƙarshe: Sokratis.

Sokratis: tambayar gwaninta

Sokratis bai rubuta komai ba, daga almajiransa ake jin maganarsa. Hujjarsa ba ta da wuyar fahimta. Ba wanda zai ɗauki matuƙin jirgi ko magini ko mabushin sarewa ta hanyar ƙuri'ar dace, alhali kuskurensu bai kai na mai mulki ɓarna ba. To don me mulki, wanda ya fi su duka nauyi, zai zama sana'ar da ba a koya?

A 399, yana da shekara kusan 70, kotun mutum wajen 500 ta same shi da laifin ƙin allolin birni, kawo sababbi, da lalata tarbiyyar matasa. Shi da kansa ya ce da ƙuri'a 30 sun koma ɓangarensa da ya tsira. Aka ba shi guba ya sha, bayan ya ƙi tayin abokansa na su gudu da shi, yana cewa ba zai karya dokokin da ya rayu a ƙarƙashinsu ba.

Akwai gefen labarin da ba a cika faɗa ba. Shekara biyar kafin shari'ar, Sifata ta ɗora wa Atina gwamnatin mutum 30. Cikin watanni kamar takwas suka kashe mutane wajen 1,500, suka ƙwace dukiyoyi. Jagoransu Kiritiyas ya taɓa zama cikin masu zama da Sokratis, haka ma Alkibiyadis wanda ya taɓa komawa wajen abokan gaba. Gaskiya ne Sokratis ya ƙi umarnin mutanen 30 ɗin na ya je ya kamo wani Liyon a kashe shi. Amma a idon wanda aka kashe wa uba ko ƙane, malamin Kiritiyas ne. Bayan shekara hamsin da 'yan kai wani mai jawabi, Eskinis, ya faɗa wa kotu ƙarara cewa don ya koyar da Kiritiyas aka kashe shi.

Aflatun: jirgi, dabba da mai alewa

Aflatun ɗan manyan gida ne, kuma Kiritiyas ɗan'uwan mahaifiyarsa ne. Ya ga mulkin danginsa ya koma zubar da jini, sannan ya ga mulkin jama'a ya kashe malaminsa. Littafinsa Jamhuriya, wanda ya rubuta a wajajen 375, shi ne tuhuma mafi tsauri da aka yi wa dimokuraɗiyya a zamanin da.

Misalinsa mafi shahara na jirgin ruwa ne. Mai jirgin ƙato ne, ya fi kowa ƙarfi, amma kunnensa da nauyi, idonsa ba ya gani sosai, bai kuma san teku ba. Wannan shi ne jama'a. Ma'aikatan jirgin na ta kokawa kan wa zai riƙe tuƙi, ba wanda ya koya a cikinsu, har suna cewa ba abin koyo ba ne. Suna lallashin mai jirgin, su bugar da shi, su ƙwace jirgin su cinye guzuri. Wanda ya san taurari da iska da yanayi kuwa, suna kiransa mai kallon sama marar amfani. A lura, a wannan misali ba mai jirgin ne mugu ba. Masu kewaye da shi ne.

A wani wurin ya kwatanta jama'a da ƙatuwar dabba, ɗan siyasa kuma da mai kiwonta wanda ya haddace abin da ke faranta mata da abin da ke harzuƙa ta, sai ya kira na farko alheri na biyu sharri. A wani littafin kuma ya ce a ɗauka an kai likita ƙara gaban yara, mai alewa ne mai gabatar da ƙara. Mai alewa zai ce wannan mutumin yana tsaga ku, yana ba ku magani mai ɗaci, yana hana ku ci, ni kuwa zaƙi nake ba ku. Me likita zai ce ya tsira?

Sashen da ya fi jan hankalin masu nazari a yau shi ne bayanin yadda tsari ke haifar da wanda zai gaje shi. Mulkin attajirai, in ji shi, yana tara dukiya a hannu kaɗan, bashi ya yi wa saura katutu, har talakawa su gane cewa masu mulkin nan ba su da wani ƙarfi, su kifar da su. Dimokuraɗiyya ta zo, kyakkyawa kamar riga mai ado kala-kala, kowa na rayuwa yadda ya ga dama. Daga nan 'yanci ya wuce kima: uba na shakkar ɗansa, malami na lallaɓa ɗalibai, har ya yi ba'a cewa jakuna da dawakai ma kan bangaje mutum a hanya don sun saba da 'yanci. Masu zaƙin baki su riƙa tatsar masu kuɗi suna ɗan yayyafa wa jama'a, su riƙe kaso mafi tsoka. Masu kuɗi su fara ƙulle-ƙulle. Jama'a su nemi gwarzo guda da zai kare su. Gwarzon ya yi alkawarin yafe bashi da raba filaye, ya ce ana neman ransa a ba shi dakaru, sannan ya riƙa tayar da yaƙi domin a ci gaba da buƙatarsa. Ranar da jama'a suka farga, ya riga ya fi ƙarfinsu.

Maganinsa shi ne mulkin masana: a tarbiyyantar da wasu tun suna yara, a hana su mallakar dukiya da iyali na kansu, sai sun kai shekara 50 su hau mulki. Tambayar da bai warware ba ita ce wa zai tantance masanin, kuma wa zai tsayar da shi in ya karkace. Tarihin rayuwarsa ya nuna ya je Sirakus a Sisili don ya gyara sarkinta Diyonisiyus na biyu, abin bai yi kyau ba. Kuma a rubuce-rubucensa na tsufa ya sassauta. Ya ce idan duk gwamnatoci suna bin doka, dimokuraɗiyya ce mafi rauni, amma idan duk sun yi watsi da doka, ita ce mafi sauƙin zama a ƙarƙashinta, don iko ya warwatsu a hannu da yawa. Littafinsa na ƙarshe, Dokoki, gauraya ya nema tsakanin sarauta da mulkin jama'a. Masu jingina da Aflatun don kare mulkin mutum ɗaya sukan tsallake cewa mulkin kama-karya ne ya sa a can ƙasa, ƙarƙashin dimokuraɗiyya.

Aristotal: ba yawa ba ne, talauci ne

Aristotal, wanda ya rayu daga 384 zuwa 322, ɗan Sitagira ne, don haka duk zamansa a Atina bai taɓa samun damar ɗaga hannu a taro ba. Hanyarsa daban ce. Shi da almajiransa sun tattara bayanin tsarin mulkin birane 158 kafin ya yi hukunci.

Ya ce mulki na iya zama a hannun mutum ɗaya, ko kaɗan, ko masu yawa, kuma kowanne yana da na gari da karkatacce. Ma'aunin shi ne: don amfanin kowa ake yi, ko don amfanin masu riƙe da shi? Dimokuraɗiyya a wurinsa ita ce mulkin talakawa don talakawa kawai, kamar yadda kishiyarta take mulkin attajirai don attajirai. Ya ce ainihin bambancin ba yawa ba ne, dukiya ce, sai dai an saba masu kuɗi kaɗan ne a ko'ina. Cikin karkatattun uku kuma, ita ce mai dama-dama.

Ya kuma ba Sokratis amsa kan gwaninta. Mutane da yawa, ko da kowanensu ba wani gwani ba ne, in sun haɗu suna iya fin 'yan ƙwararru hangen nesa, kamar walimar da kowa ya kawo kwanonsa kan fi wadda mutum ɗaya ya ɗauki nauyi. Sannan akwai ayyukan da ba mai yin su ne ya fi cancantar yanke musu hukunci ba: mai zama a gida ya fi magini sanin ko gidan ya yi, mai cin abinci ya fi mai dafawa sanin daɗinsa. Bahaushe ya ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Aristotal zai yarda da hakan, da sharaɗi.

Sharaɗin shi ne doka. Inda doka ke sama da kowa, in ji shi, mai zaƙin baki ba ya samun wuri. Inda kuwa duk abin da taro ya yanke yau ya zama doka, jama'a sun zama sarki mai kawuna da yawa, masu zuga su kuma sun zama fadawansa. Sharaɗi na biyu shi ne masu rufin asiri, waɗanda ba su yi kuɗin da za su raina mutane ba, ba su kuma talauce har su yi hassada ba. Garin da babu su, ya ce, garin iyayengiji ne da bayi.

Ina muryar masu kare ta?

Kusan duk abin da ya iso mana masu hali ne suka rubuta shi, masu lokacin zama su yi rubutu. Matuƙan jiragen yaƙi, mutum 170 a kowane jirgi, waɗanda suka ci Farisa a Salamis a 480, ba su bar littafi ba. Wani marubuci da ba a san sunansa ba, mai ƙin tsarin, ya amsa da kansa cewa tunda talakawa ne ke tuƙa jiragen da ƙarfin Atina ya dogara a kai, ba mamaki su nemi kaso a mulki.

Kariyar da ta tsira guntu-guntu ce. Masani Furotagoras ya ce sana'o'i an raba su ga wasu, amma kunya da sanin adalci kowa aka ba, in ba haka ba gari ba zai zaunu ba. Wani masanin, Dimokiritus, ya ce talauci a ƙarƙashin dimokuraɗiyya ya fi wadata a ƙarƙashin masu danniya, kamar yadda 'yanci ya fi bauta. Ferikilis, a jawabin jana'izar sojoji da Tusididis ya ruwaito, ya yi alfahari cewa talauci ba ya hana mutum hidimar gari, kuma muhawara ba ta hana aiki. Tusididis ɗin dai ya ƙara da cewa a zamanin Ferikilis suna ne na dimokuraɗiyya, a zahiri mutum ɗaya ke jan ragama.

Hujja mafi ƙarfi ita ce abin da ya faru bayan 403. Da 'yan dimokuraɗiyya suka kori mutanen 30, sai suka yi afuwa, aka rantse ba za a tono abin da ya wuce ba, in ban da manyan jagorori. Aka bambanta doka mai ɗorewa da ƙudurin taro, aka ce ƙuduri ba zai rinjayi doka ba, aka miƙa yin sababbin dokoki ga wani zama na daban. Aka ci gaba da amfani da damar kai ƙarar duk wanda ya kawo shawarar da ta saɓa wa doka, ko da taro ya amince da ita. Kowane jami'i kuma sai an binciki hannunsa in ya sauka. Tsarin ya ƙara shekara 80 ba juyin mulki, kuma a cikinsa Aflatun da Aristotal suka buɗe makarantunsu suna sukarsa. Sojojin Masedoniya ne suka kawo ƙarshensa a 322, suka ce sai mai dukiya zai yi siyasa.

Abin da ya shafi mai ƙuri'a na yau

Muhawarar ta ratsa ta hannun malaman Musulunci. Alfarabi, wanda ya rasu a 950 Miladiyya, ya sa birnin mulkin jama'a cikin biranen jahilci, amma ya ce a cikinsu shi ne wanda nagartattu suka fi samun damar tasowa. Ibn Rushd ya yi sharhin Jamhuriya a Andalus domin littafin Siyasa na Aristotal bai iso hannunsa ba.

Waɗanda suka tsara mulkin Amurka a 1787 sun karanta masu sukar sosai. Ɗaya daga cikinsu, Jems Madison, ya rubuta cewa ko da kowane ɗan Atina Sokratis ne, taronsu zai ci gaba da zama gungun 'yan hayaniya. Shi ya sa suka zaɓi wakilai, majalisa biyu, kotu mai zaman kanta da kundin da ba a sauya shi cikin sauƙi. Ƙasashe da dama, har da Nijeriya tun 1979, sun ɗauki wannan fasali. Ke nan abin da talaka ke bin layi ya zaɓa a yau ya fi kusa da gaurayen mulkin attajirai da na talakawa da Aristotal ya so fiye da tudun Finikis. Aristotal ma ya rubuta cewa ƙuri'ar dace ita ake ɗauka ta dimokuraɗiyya, zaɓe kuwa na mulkin 'yan tsiraru ne, tunda sananne da mai kuɗi ke cin sa. Mai kukan cewa takara ta fi ƙarfin talaka, ba da Atina yake rigima ba.

Daga cikin tuhume-tuhumen, ta ƙuri'ar dace ba ta shafi yawancin ƙasashe ba yanzu. Ta gaggawar taro ta fi fitowa a ƙuri'ar raba gardama, inda tambaya mai sarƙaƙiya ke komawa "e" ko "a'a", kamar ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai a 2016. Biyu ne suka rage da ƙarfinsu: mai alewa da ke kayar da likita, da gargaɗin cewa inda tazara ta yi yawa tsakanin mai shi da marar shi, ƙuri'a kan zama abin saye ko makamin ramuwa. Ga wanda ake ce wa mafita ita ce a miƙa wa ƙwararru ko mai ƙarfi guda, masanin falsafa Karl Popper ya ba da amsa a 1945: Aflatun ya tambayi wa ya kamata ya yi mulki, alhali tambayar ita ce yaya za a sauke mugun shugaba ba tare da zubar da jini ba.

Ita kuwa ƙuri'ar dace da Sokratis ya yi wa dariya ta fara dawowa. A 2016 Ayalan ta ɗebo 'yan ƙasa 99 ta wannan hanya suka zauna kan batutuwan kundin tsarin mulki da wasu manufofin ƙasa, shawararsu kan dokar zubar da ciki ta kai ga ƙuri'ar raba gardama a 2018. Faransa ta tara mutum 150 a 2019 kan sauyin yanayi, sai dai gwamnati ta rage da yawa daga cikin shawarwarinsu kafin su zama doka.